Mutuwar Soap: Abin da wasannin yaƙi suka gane da wanda suka kasa ganewa game da makokin soja

A cikin wasan bidiyo na Call of Duty: Modern Warfare 3, wanda ya fito a watan Nuwamban 2011, akwai wani wuri da ƙarar harbi ke ɗaukewa na ɗan lokaci. An kwantar da wani sojan Birtaniya, John MacTavish wanda ake yi wa laƙabi da Soap, a kan teburi a wata maɓoya da ke birnin Prag, jini na zuba daga tsohon raunin da ya sake buɗewa bayan ya faɗo daga hasumiyar wani coci da bam ya tarwatsa. Shugabansa kuma amininsa, Kyaftin John Price, yana jijjiga shi yana kiran sunansa har rai ya yi halinsa. Daga nan Price ya zaro ƙaramar bindigarsa ya ɗora a ƙirjin gawar, ya ɗauki ɗan littafin da mamacin ke rubuta abubuwan da suka same shi, ya juya.

Duka makokin bai wuce 'yan mintoci ba. Abokan gaba sun iso ƙofa, dole a bar gawar a gudu, kuma ba da jimawa ba mai wasan ya koma harbi kamar yadda ya saba.

Shekaru da dama bayan fitowar wasan, har yanzu masu buga shi na ambaton wannan wuri a matsayin ɗaya daga cikin mafi taɓa zuciya a tarihin wasannin yaƙi. Wasan ya sayar da kwafi miliyan 6.5 a rana ɗaya tak a Amurka da Birtaniya, ya kuma tara dala biliyan ɗaya cikin kwana 16. Ke nan miliyoyin matasa sun tsaya a kan wannan gawa ta ƙirƙira. Abin tambaya shi ne me suka koya a wurin game da rashin aboki, da kuma yadda mutum ke ci gaba da rayuwa bayansa. Amsar a taƙaice ita ce waɗannan wasanni sun fahimci abotar soja sosai, sun fahimci raɗaɗin rashi rabi da rabi, amma idan aka zo kan maganin raɗaɗin, yawancinsu maganin bogi suke bayarwa.

Inda suka yi daidai

Ba banza mutuwar Soap ta girgiza mutane ba. Kamfanin Infinity Ward ya ɗauki shekara huɗu yana gina alaƙar. A wasan farko na 2007, mai wasan shi ne Soap ɗin kansa, sabon shiga a rundunar SAS ta Birtaniya, wanda Price ya tarba da zolaya kan sunansa. A ƙarshen wasan, a kan wata gada, bayan an kashe sauran abokansu, Price da ke kwance cikin rauni ya turo masa ƙaramar bindiga a ƙasa, da ita ya harbe jagoran abokan gaba, Imran Zakhaev. A wasa na biyu na 2009, Soap ya zama kyaftin, mai wasan yana ƙarƙashinsa, kuma da suka ceto Price daga wani kurkuku a Rasha, Soap ya mayar masa da bindigar nan. A na uku, ita ce Price ya ɗora masa a ƙirji. Mai wasan ya fara ganin duniya da idon Soap, sannan ya karɓi umarni daga gare shi, sannan ya raka shi ana jan sa a titi yana zubar da jini. Fim ko littafi ba sa iya sa mutum a waɗannan matsayi uku ta wannan hanya.

Abin da wasan ya nuna game da abota a fagen daga yana da tushe a bincike. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masanin zamantakewa Samuel Stouffer da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa dubban ɗaruruwan sojojin Amurka, a wani aiki mai suna The American Soldier da ya fito a 1949. Da aka tambayi waɗanda suka shiga gumurzu abin da ke sa su daure, kaɗan ne suka ambaci aƙida ko kishin ƙasa. Da yawa sun yi maganar son a gama aikin a koma gida, da kuma gudun kunyatar da 'yan uwansu na ƙaramin rukuni. A 1948 ma, Edward Shils da Morris Janowitz sun kai ga irin wannan matsaya game da sojojin Jamus: abin da ya riƙe su har kusan ƙarshen yaƙin shi ne ɗan ƙaramin rukunin da suke ci tare, suke kwana tare.

Mutumin da ka raba gorar ruwa da shi, wanda ya yi gadi domin ka runtsa, wanda ya san sunan 'yarka da bashin da ake bin ka, ya wuce abokin aiki. Idan ya mutu, ba wani gurbi ne kawai ya buɗe a jerin sunaye ba. A nan wasannin yaƙi sun faɗi gaskiya, kuma sun faɗe ta ga matasan da ba za su taɓa buɗe littafin Stouffer ba.

Ramuwa a matsayin magani

Matsalar tana farawa ne daga abin da ke biyo bayan mutuwar. Da Soap ya cika, abu na farko da Price ya yi shi ne naushin abokin tafiyarsu, Yuri, har ya gangara matakala, saboda kalaman ƙarshe na mamacin sun tona cewa Yuri ya taɓa sanin babban maƙiyinsu, Vladimir Makarov. Daga nan labarin ya miƙe zuwa manufa ɗaya. Wasan ya ƙare da Price ya rataye Makarov a wani otal, ya zauna a gaban gawar, ya kunna sigari. Saƙon da ke ciki a fili yake: an biya bashin jini, zuciya ta yi sanyi.

Haka aka yi a wasa na biyu, bayan Janar Shepherd ya ci amanar Ghost da Roach ya harbe su, aka ƙona su. Haka kuma aka maimaita a sabon Modern Warfare III na 2023, inda aka sake ba da labarin, Makarov ya harbe Soap. A wannan karon an ɗan tsaya, aka nuna Price da Ghost da Gaz suna watsa tokar gawarsa daga saman wani tsauni, kowa ya yi masa ban kwana. Amma bayan haka sai ga Price ya shiga ofishin Shepherd ya harbe shi.

Likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay, wanda ya shafe shekaru yana kula da tsoffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam a wani asibiti a Boston, ya rubuta littafi a 1994 mai suna Achilles in Vietnam, inda ya kwatanta abin da majinyatansa suka ba shi labari da tsohon labarin yaƙin Girkawa. Abin da ya gano ya saɓa wa saƙon Call of Duty kai tsaye. A Biyetnam, jirgi mai saukar ungulu kan ɗauke gawar soja cikin gaggawa, abokansa ba su wanke ta ba, ba su raka ta ba, ba su zauna sun yi maganarsa ba. Sau da yawa na gaba da su kan ce musu kada su tsaya baƙin ciki, su je su rama. Shay ya nuna cewa baƙin cikin da aka danne aka mayar da shi fushi shi ne yake jefa soja cikin wani irin hauka na kisa, ya daina kula da ransa da na kowa, kuma waɗanda suka shiga wannan hali su ne suka fi daɗewa cikin ciwo bayan an dawo gida. Ramuwar ba ta warkar da su ba. Ta ƙara musu wani nauyin ne a kan na farko.

Masana lafiya sun kai ga amincewa cewa makokin da ya ƙi ƙarewa ciwo ne mai zaman kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na cututtuka karo na 11, wanda ya fara aiki a 2022, kuma a shekarar ce ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin nata kundin. Wanda ke fama da shi yakan kasa karɓar cewa an yi rashin, yana zargin kansa, yana ganin ci gaba da rayuwa cin amanar mamaci ne. Babu inda aka rubuta kashe wani a matsayin maganinsa.

Me ya sa wasannin suke haka?

Ba sai an zargi masu ƙirƙirar wasannin da mugunta ba kafin a gane dalilin. Wasan harbi an gina shi ne a kan aiki ɗaya: a saita, a harba. Duk wani abin da labarin ke son mai wasan ya ji, dole a juya shi ya zama abin da za a iya yi da bindiga. Fushi yana juyuwa cikin sauƙi. Zaman makoki, da rubuta wa uwar mamaci wasiƙa, da farkawa da tsakar dare ana neman wanda ba ya nan, duk ba sa juyuwa.

Sau ɗaya da aka gwada mayar da ta'aziyya aikin maɓalli, abin dariya ya zama. A Call of Duty: Advanced Warfare na 2014, jarumin wasan Jack Mitchell ya rasa hannunsa na hagu da kuma amininsa Will Irons a wani gumurzu a birnin Seoul. A wurin jana'izar, sai rubutu ya bayyana a allo yana umartar mai wasan ya danna harafin F domin girmama mamacin. Masu sharhi sun yi ta ba'a, kuma tun daga lokacin harafin F ya zama abin da ake rubutawa a intanet idan wani ya yi asara, wani lokaci da gaske, galibi da zolaya. Abin da ya sa aka yi dariyar shi ne kowa ya san ta'aziyya ba abin da ake cikawa da taɓa maɓalli ɗaya ba ce, a wuce mataki na gaba.

Akwai kuma batun kasuwa. Jerin wasan da ke fitar da sabon kashi kusan duk shekara yana buƙatar mai saye ya tashi yana jin ya yi nasara. Shi ya sa ma mutuwar ba ta ɗorewa. Ghost da Soap da suka mutu a 2009 da 2011 sun dawo da rai a sabon jerin da aka fara a 2019, kuma ana sayar da siffofinsu ga masu wasa a intanet. Wanda ake iya dawo da shi idan kasuwa ta buƙata, ba a yi rashinsa da gaske ba.

Waɗanda suka bi wata hanya

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce wasan bidiyo ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, domin akwai waɗanda suka ɗauka.

Jerin Brothers in Arms na kamfanin Gearbox, wanda ya fara a 2005, ya bi Sajan Matt Baker na runduna ta 101 ta sojojin laima na Amurka, daga saukarsu a Normandi a watan Yunin 1944 zuwa farmakin Market Garden a Holan a watan Satumban shekarar. Baker bai nemi shugabanci ba, an ɗora masa ne, kuma kowane mutum da ya mutu a ƙarƙashinsa yana bin sa. A kashi na 2008 mai suna Hell's Highway, yana ganin fuskar Leggett, sojan da ya mutu yana ɗauke da zargin mutuwar abokansa biyu, kuma Baker ya san gaskiyar abin da ya faru amma ya ɓoye. Ƙololuwar labarin ba kashe wani babban maƙiyi ba ce. Ita ce ranar da Baker ya tara mutanensa ya faɗa musu abin da ya ɓoye, wasu suka juya masa baya, sannan ya ci gaba da jagorantarsu a haka. Wannan ya fi kusa da yadda ake ci gaba da rayuwa a zahiri: nauyin ba ya sauka gaba ɗaya, sai dai mutum ya koyi tafiya da shi, kuma matakin farko shi ne buɗe baki.

Valiant Hearts, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2014 lokacin cikar shekara 100 da fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ƙi ba mai wasan bindigar harbi ma baki ɗaya. Labarin Emile ne, dattijon manomi Bafaranshe, da surukinsa Karl Bajamushe da yaƙi ya jefa a ɗaya ɓangaren, da Freddie Ba'amurke da ya shiga yaƙin domin ɗaukar fansar matarsa, da Anna ma'aikaciyar jinya, da wani kare. Freddie ya samu damar kashe wanda ya daɗe yana nema, amma ya gane hakan ba zai dawo masa da kowa ba, ya bar shi da rai. Shi kuwa Emile, a farmakin Nivelle na 1917, ya ga wani hafsa yana tura abokansa cikin ruwan harsashi, ya buge shi da shebur, hafsan ya mutu, kotun soji ta yanke masa hukuncin kisa. Abin da mai wasan ke yi na ƙarshe shi ne taka ƙafar Emile zuwa inda za a harbe shi, ana karanta wasiƙarsa ta ban kwana ga 'yarsa. Farmakin da gaske ya faru a watan Afrilun 1917, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwasa sun yi mummunar asara a cikinsa, kuma bore ya biyo baya a rundunonin Faransa da dama.

Shi kuma XCOM: Enemy Unknown na 2012 wata dabara ya yi. Sojan da ya mutu ya mutu ke nan, kuma sunansa kan hau wani bangon tunawa a sansani, tare da adadin ayyukan da ya fita. Masu wasa da yawa kan ba sojojinsu sunayen abokansu na zahiri, don haka kuskure ɗaya na dabara kan bar musu suna a bango da za su riƙa gani har ƙarshen wasan. Ko Modern Warfare 3 ɗin ma ya taɓo wannan, inda Price ya ambaci hasumiyar agogo da ke Hereford a Ingila, wadda rundunar SAS ta gaske ke rubuta sunayen mamatanta a jikinta. Rubuta suna da komawa ana karantawa ya fi harsashin ramuwa kusa da abin da masu makoki ke buƙata.

Gawar wa ake yi wa kuka?

Akwai wata tambaya da ta fi shafar mai wasa a Afirka. A Modern Warfare 3 ɗin da aka tsayar da komai saboda mutuwar Soap, akwai matakan da ake bugawa a Saliyo da Somaliya, inda mai wasan ke kashe mayaƙa baƙaƙen fata masu yawan gaske. Babu mai suna a cikinsu, babu wanda abokinsa ya durƙusa a kansa. Wasan yana koyar da cewa wasu mutane suna mutuwa, wasu kuma faɗuwa kawai suke yi.

Wannan rabe-rabe bai tsaya a allo ba. A ranar 4 ga Oktoban 2017, an yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna a kusa da ƙauyen Tongo Tongo a Nijar, aka kashe sojojin Amurka huɗu da na Nijar huɗu. Sunaye da hotunan Amurkawan sun zagaya duniya, an yi bincike, an yi ta muhawara a majalisarsu. 'Yan Nijar ɗin da suka faɗi a wuri ɗaya, a rana ɗaya, adadi kawai suka zama a yawancin rahotannin ƙasashen waje.

Haka kuma bai kamata a manta da alaƙar wannan masana'anta da rundunonin soji ba. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka da kanta ta fitar da wasan America's Army a 2002 domin jan hankalin matasa su shiga aikin soja, ta kuma riƙe shi har 2022. Sannan lokacin da aka sanar da wasan Six Days in Fallujah a 2009, wanda aka gina a kan gumurzun birnin Falluja na Iraƙi a 2004, ƙorafin iyalan sojojin da suka mutu da na masu adawa da yaƙin ya sa kamfanin Konami ya janye daga aikin, sai a 2023 wani kamfanin ya fitar da shi. Iyalan sun san abin da mai wasan ke iya mantawa: a wurinsu babu maɓallin sake farawa.

Ai wasa ne kawai

Mai kare waɗannan wasanni zai ce nishaɗi ne, ba makarantar koyon makoki ba, kuma babu wanda ke zargin fim ɗin yaƙi don jarumi ya rama kisan abokinsa. Akwai gaskiya a ciki. Matashin da idonsa ya cika da hawaye saboda Soap bai yi abin kunya ba, kamar yadda mai kallon fim ɗin Indiya ko na Kannywood ba ya jin kunyar kuka. Wani ma a irin wannan wuri ne ya fara ganin namiji jarumi ya karye saboda rashin aboki, a duniyar da ake ce wa yaro namiji ba ya kuka.

Fasahar ma kanta ta taimaka wajen jinya. A Jami'ar Kudancin California, masanin halayyar ɗan Adam Albert Rizzo da tawagarsa sun ɗauki kayan wasan Full Spectrum Warrior suka gina manhajar Virtual Iraq, wadda daga baya ta zama Bravemind, da likitoci ke amfani da ita wajen taimaka wa tsoffin sojoji su fuskanci abin da ya firgita su sannu a hankali. Kamfanin Activision kuma ya kafa gidauniyar Call of Duty Endowment a 2009, wadda ta taimaka wa tsoffin sojoji fiye da 100,000 samun aikin yi.

Sai dai bambancin fim da wasa shi ne a fim kallo ake yi, a wasa kuwa da hannun mutum ake aikatawa, kuma ana maimaitawa dare da rana. Labarin da aka faɗa wa miliyoyin matasa sau da yawa cewa maganin rashi shi ne jini, ya cancanci a tsaya a tuhume shi ko da sunansa wasa.

Abin da ya rage a nan gida

A Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, yawancin matasa ta waya suka san waɗannan wasanni, musamman Call of Duty: Mobile da ya fito a watan Oktoban 2019, da PUBG Mobile da Free Fire. A irin waɗannan babu dogon labarin da ya sa mutuwar Soap ta yi nauyi. Ghost fuskar ƙwarangwal ce kawai da ake sakawa, kuma wanda aka harbe kan tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi ko ya shiga sabon zagaye. Abin da ya fi daraja a wasannin, wato abotar da raɗaɗin, shi ne bai iso ba.

Alhali a wannan yanki ba sai an je allo ba kafin a ga soja ya rasa aboki. A watan Nuwamban 2016 aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da wasu sojojinsa a Malam Fatori da ke jihar Borno, aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja. A Nijar, harin Inates na watan Disambar 2019 ya ci sojoji 71, na Chinagodar a watan Janairun 2020 ya ci 89, aka yi zaman makokin ƙasa na kwana uku bayan kowanne. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar wanda suka kwana rami ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma bakin aiki ba tare da sun ga an rufe abokansu ba.

Al'adar Hausa ta daɗe da sanin abin da Shay ya gano a asibiti. Ana wanke mamaci, a raka shi, a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa, ana ambaton halinsa na kirki, ana ba iyalinsa haƙuri. Hausawa na cewa abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Sojan da ke bakin daga shi ne wanda aka fi hana wannan gata, kuma shi ne ya fi buƙatarsa. Bikin tunawa da 'yan mazan jiya da Najeriya ke yi kowace ranar 15 ga Janairu yana da muhimmanci, amma ajiye furanni sau ɗaya a shekara ba zai maye gurbinsa ba.

Don haka akwai aiki a kan kowa. Hukumomin soji su mayar da makoki wani ɓangare na tsarin aiki: a ba rukunin da ya yi rashi lokacin zama tare, a bar na kusa da mamaci ya halarci jana'iza ko ya kai wa iyali gaisuwa idan hali ya yi, a samar da ƙwararrun da soja zai yi magana da su ba tare da an ɗauke shi rago ba, a kuma biya haƙƙin matan da marayun da aka bari a kan lokaci, domin babu abin da ke ƙona ran wanda ya tsira kamar ganin iyalin abokinsa a wulaƙance. A riƙa bayyana sunayen waɗanda suka faɗi, kada a tsaya ga adadi.

Iyaye su sani cewa manyan wasannin Call of Duty an yi musu alamar 'yan shekara 17 zuwa sama a Amurka, 18 a Turai. Hana wasan baki ɗaya ba lallai ya yi aiki ba, amma tambayar yaro abin da ya ji da abokin jarumin ya mutu, da abin da yake ganin ramuwar ta gyara, tana iya buɗe hirar da ba a saba yi a gida ba. Matasan da suka fara ƙirƙirar wasanni a Najeriya da maƙwabtanta kuma suna da labarin da babu wani kamfani a California da zai ba da shi a madadinsu, kuma Brothers in Arms da Valiant Hearts sun nuna cewa ana iya ba da shi ba tare da an mayar da kisa magani ba.

Shi kuwa mai wasan da mutuwar Soap ta taɓa zuciyarsa, abin da ya ji na gaske ne, kuma akwai inda zai kai shi. A unguwanni da dama akwai tsohon soja da ya dawo ya rage magana, ko gidan da aka kawo wa kayan ɗansu a jaka. Ba sa buƙatar harafin F. Sallama suke buƙata, da zama, da wanda zai tambayi sunan abokin da aka rasa ya kuma saurari labarinsa har ƙarshe.